Malam Daidai da Silikon Ɗin da Ya Ƙi Cika

Shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon na Malam Daidai, ban taɓa ganin ranar da ya yi tunani da kansa ba. Mu muka laƙaba masa sunan. Da ɗaukar wa Farfesa, shugaban sashenmu, jaka ya fara, da "haka ne, ranka ya daɗe" ya yi ta hawa har ya zama shugaban ɗakin lissafi.

Aikinmu auna silikon ne, sinadarin nan da ke cikin yashi, a iskar gajimaren sararin samaniya inda sababbin taurari ke fitowa. Na'urar hangen nesa da ke can sama takan turo mana hasken da ido ba ya gani, ni kuma in rarrabe shi da manhajar da na rubuta, in fitar da adadi. Kullum sai ya fito kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikin rana.

Shi kuwa Malam Daidai akwai wata takarda da ya manna a bango, har ta yi ja don tsufa, mai ɗauke da adadin silikon ɗin da ke cikin rana. Duk abin da ya saɓa mata kuskure ne. Na ce masa wataƙila sauran silikon ɗin ya daskare ne a ƙwayoyin ƙurar gajimaren, shi ya sa ba a ganinsa a iskar. Ya cire tabarau, ya hura, ya goge, ya ce mu mata dai akwai surutu. Ya rubuta wa Farfesa cewa manhajata ce ta lalace, ya sa aka share sakamakon kaf, wai kada a zubar da mutuncin sashe. Aka mai da ni ɗakin ajiya, ni da karyayyun kujeru.

Bayan shekara biyu wasu masana a wata ƙasa suka wallafa abin da na faɗa, tiryan-tiryan. Gogan naka ya shiga bin ofis-ofis yana cewa shi dama jikinsa ya ba shi.

Ran nan da hantsi sai ga shi a ɗakin ajiya, yana ta washe baki. Wai Farfesa na neman tsohon sakamakon, a nuna wa duniya mu muka riga gani.

"Ƙanwata, ba ki ɓoye ko kwafi ɗaya ba?"

"Kai ka ce a share, Malam, kana tsaye a kaina na share."

Ya juya yana jan takalmi. Ina ma a ce ƙarya na yi masa, amma ko kwafi ɗaya ban ɓoye ba. Na tura ƙofa na zauna na yi kuka mai isata, don aikin da ya salwanta nawa ne.