Miyar Jajibirin Wasa

Gida na uku ke nan da muka kama a Alƙahira, kuma ranar da muka tare na gaya wa maigidana cewa in aka sake cewa in ɗaure kaya, to Funtuwa zan nufa da su kai tsaye. Shi Malam yana fama da digirinsa na uku, ni ina fama da yara biyu da tukwane da katifu, duk shekara sabon dillali, sabon bene. Wannan karon a Ainu Shams ne, hawa na huɗu, makarantar yara a ƙarshen layi, ga baranda mai shan iska. Na so gidan nan tun kafin a shigo da gado.

Mai gidan wata dattijuwar Bamisriya ce, mijinta ya rasu, tana zaune a hawa na biyar, daidai saman kanmu. Hajja kowa ke ce mata. Gwiwa na damunta, ba ta cika saukowa ba, sai dai ta zuro kwando da igiya ta baranda, mai gurasa ko mai kayan miya ya zuba mata ta janye, kamar yadda matan unguwar ke yi. Ta gaban tagar kicin ɗina kwandon ke wucewa, ya sauka ya hau, ko sau goma a rana.

A sati na biyu na kaɗa miyar kuka, na zuba daddawa son raina. Ban sauke ba na ji ana dukan ƙofa da sanda. Hajja ce, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ya Sudaniyya, me ya mutu a gidana?"

Na ce mata ni ba 'yar Sudan ba ce, kuma ba abin da ya mutu. Na ɗauko daddawar na nuna mata. Ta kai hanci, ta ja da baya tana neman tsari da Allah. Da yamma ta aika aka kira Malam, ta ce shekara na cika khalas, shi ke nan, mu nemi wani wuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Malam, mutanen da ke cin ruɓaɓɓen kifi da albasa duk bazara, suna lasar yatsa, su ne za su yi mini gorin wari? Ya ce in yi haƙuri, in bar daddawar. Na ce haƙuri zan yi, daddawa kuwa sai dai mu bar ƙasar tare. Daga ranar na koma girki kamar mai satar hanya: taga a rufe, jiƙaƙƙen tawul a ƙasan ƙofa, ina gumi ina juya miya.

A lokacin unguwar ta haukace a kan ƙwallon kwando. Akwai wata masana'antar tayil a bayan layin jirgi, tana da ƙungiyarta tun da daɗewa, ta ma'aikata, wadda ba mai zuwa kallo sai iyalansu. Sai mai masana'antar, wani tsoho mai son abin, ya fara ɗauko 'yan wasa na gaske yana ba su albashi. Kafin a ankara sun haye rukunin manya, suna karawa da ƙungiyoyin tsakiyar gari. Ko'ina ka duba kore ne da fari, launin ƙungiyar, a jikin tuktuk, wato keke napep ɗinsu, a shagon aski, har mai waken safe ya yi wa amalankensa fenti. Ni abin da na sani kawai, ranar wasa ba a barcin rana.

Wata Juma'a Malam ya dawo daga masallaci da baƙo. Na leƙo na ga mutum ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa, da ya miƙe kuma fankar sama ta kusa cire masa hula. Ɗan Damagaram ne, ƙungiyar ce ta ɗauko shi. Ya ji Malam yana Hausa a waya a ƙofar masallaci, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki.

"Tanti," ya ce mini bayan mun gaisa, "wata biyar rabona da tuwo. Wake da safe, taliya da rana. Koci na cewa ƙafafuna sun yi nauyi, ni kuwa wallahi cikina ne ba ya nan."

Malmala biyar ya ci, sai da na sake ɗora tukunya. Yarana suka zauna suna kallonsa baki buɗe. Washegari ƙungiyarsu ta yi wasa, tun kafin magariba na ji titi ya ɓarke da oda da ganguna. Wai dogon namu ne ya yi ta zura ƙwallo kamar an aiko shi.

Jajibirin wasa na gaba ya dawo, ranar Alhamis ce, don yawanci Juma'a suke wasa. Ɗan Hajja, wani magidanci mai tumbi, ya yi kiciɓis da shi a bene, ya ƙwalla ihu. Kafin dogo ya wanke hannu falona ya cika da maƙwabtan da ba su taɓa amsa mini sallama da kyau ba, kowa da wayarsa. Can sai aka dare, ga Hajja da sandarta. Ashe mijinta a masana'antar nan ya ƙare rayuwarsa, yana ma cikin waɗanda suka fara kafa wa ƙungiyar ƙarfen kwando a filin ajiye motoci. Ta ɗaga kai ta dubi dogo, ta ce me ya kawo shi gidan Sudaniyya? Shi kuma da gurguwar Larabcinsa ya nuna tukunya ya ce da wannan yake cin wasa.

Ta dubi tukunyar, ta dube ni, mayafi dai na kan hanci.

"To me kike jira? Yalla, zuba masa."

Daga nan kwandon Hajja ya fara tsayawa a tagata. Duk jajibirin wasa sai in ji ƙwanƙwasa a gilashi, in buɗe in tarar da tumatir, ko lemon tsami, wata rana har da cinyar rago. In kuwa na makara ban ɗora ba, sai in ji muryarta daga sama: "Ban ji warin ba! Gobe fa wasa!" Na ɗauke tawul daga ƙasan ƙofa, na wangale tagogi. Ban taɓa jin daɗin girki irin na lokacin ba, kuma ba zan ɓoye ba, har da ramuwa a ciki.

Sau ɗaya daddawata ta ƙare, wanda zai zo mini da ita daga gida ya ɗaga tafiyarsa. Na yi miyar haka nan lami, aka kuma lallasa mu. Hajja ta ƙi yi mini magana kwana biyu, a na uku ta tasa ɗanta gaba ya tafi Darrasa wajen 'yan kasuwar Nijar. Ya dawo da leda a hannu, ya miƙar da ita nesa da jikinsa, yana cewa tunda yake bai taɓa samun kujera biyu shi kaɗai a cikin bas ba sai ranar.

Sau ɗaya kuma na je kallo, Hajja ce ta matsa. Aka ɗauke ta a tuktuk, na zauna kusa da ita cikin mata. Ɗakin wasan ƙarami ne, rufin kwano, zafi kamar gidan burodi, mutane har kan tagogi. Ban gane komai ba. Na tafa wa abokan hamayya sau ɗaya, ta mintsine ni a cinya. Amma da dogo ya yi tsalle ya danna ƙwallo a kwando ya rataya a jikin ƙarfen, matan suka ɗauki irin tasu guɗar, ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa tamu ba. Duk suka juyo. Hajja ta yi dariya har da hawaye, kuma daga ranar ta daina ce mini Sudaniyya, sai ya binti, wato 'yata.

Da shekara ta cika ta sa hannu a sabuwar takardar haya ba tare da an roƙe ta ba. Ta ce, "Muddin dogon nan na wasa, ba inda za ki." Malam ya yi ta godiya. Ni kuwa na ji maganar da kyau, na ajiye ta a raina, don na san duk wannan lokaci ko cokali ɗaya na miyar Hajja ba ta taɓa kaiwa baki ba.

A shekara ta uku tsohon mai masana'anta ya rasu. 'Ya'yansa ba ruwansu da tayil, balle ƙwallo, suka sayar da filin ga masu gina benaye. Koci ne ya fara tafiya, 'yan wasa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ragowar suka ƙarasa kakar da kyar, ana cin su gida da waje, miya kuma ba ta hana ba. Wata safiya aka ga an liƙa takarda a ƙofar ɗakin wasa, bayan sati biyu aka yaye rufin. Mai waken safe bai goge fentinsa ba, rana ce ta cinye shi a hankali.

Dogo ya sami wata ƙungiya a Maroko. Ranar da ya zo sallama malmala biyu kawai ya iya ci. Na ƙulle masa daddawa a leda uku, ya durƙusa har ƙasa, wanda ko a durƙushen ya kusa kai ni tsawo, ya ce, "Tanti, Allah ya saka." Na shige kicin na yi kukana.

Saura wata ɗaya takardar haya ta ƙare. Na fara bin shagon ƙasa ina karɓar kwalaye ina jerawa bayan kujera. Daddawa kuwa na ɗaure ta na jefa can ƙasan firiza, muka koma shinkafa da taliya. Malam ya ce in hau in tambaye ta mana. Na ce ba zan je a gaya mini abin da na riga na sani ba. Alhamis uku kwandon na wucewa ta tagata ba ya tsayawa, ni kuma ina yi kamar ban gani ba.

A ta huɗu, bayan la'asar, ina wanke-wanke na ji ƙwanƙwasa a gilashi. Na buɗe. Ba tumatir, ba nama. Kwanon tangaran ne mai murfi, ba komai a ciki sai cokali. Na fita baranda na ɗaga kai, ga ta ta leƙo, igiya a hannu.

"Hajja, ai ba wasa gobe."

"Ni za ki gaya wa? Mijina ya tafi, filin ya tafi, dogo ya tafi. Sati uku ina buɗe ƙofa ranar Alhamis, benen nan ba ya warin komai. Mai gadi kuma ya ce kina tara kwalaye."

"Ke kika ce muddin yana wasa."

"Tsohuwa ce ni, ya binti, ina faɗin abubuwa da yawa. Yalla, ɗora tukunya. Ki bar tagar a buɗe."

Na ɗora. Na zuba daddawa ninki biyu, na tuƙa tuwo mai laushi saboda haƙoranta, na cika kwanon na sa a kwando, na tsaya ina kallo yana hawa a hankali. Malam ya fito ya tarar da ni ina share ido da bakin zani, ya ce albasa ce? Na ce masa ya kwashe kwalayen nan ya kai wa mai gadi.

Daf da magariba kwandon ya dawo. Daga sama na ji ta tana cewa, "Har yanzu dai wari take yi! Alhamis mai zuwa ki ƙara yaji."

Na ɗaga murfin. Hajja mace ce mai tsabta, ba ta taɓa mayar wa kowa kwano ba tare da ta wanke ba. Wannan ba ta wanke shi ba, ta bar mini shi haka don in gani. Ta suɗe shi tas, ga sawun yatsanta a jiki.