Ranar da Na Shimfiɗa Kwalta Zuwa Sama

Majami'armu ta Tasawa ƙarama ce, benci bakwai da rufin kwano. Mu da muke taruwa a ciki ba yarenmu ɗaya ba. Akwai mu Hausawa, akwai wani jandarma Bagurme, da ungozoma Bazabarma, da Inyamurin da ke sayar da kayan babur a bakin kasuwa. Da Hausa ake wa'azi, kowa ya kama abin da ya iya kamawa.

Wata Lahadi muka yi baƙo, wani fasto daga ƙasar Benin wanda Faransanci kawai yake ji. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ya saba yi mana tafinta ya tafi biki garin Maijirgi. Fastonmu ya duba hagu, ya duba dama, idonsa ya faɗo kaina. Ni tela ne, aji shida na yi a lakwal na bari, amma na daɗe ina cika baki a shago cewa Faransanci a bakina kamar fura yake. Matata tana bencin mata, ta sunkuyar da kai tun ban tashi ba.

Gaisuwa ta tafi daidai. Baƙon ya ce a zamanin da mutanen duniya duka bakinsu ɗaya, na faɗa, aka ce amin. Sai ya ce sun haɗa kai za su yi *tour* a Babila. Ni kuwa *tour* da na sani shi ne na ƴan gayu, a hau babur a zaga gari. Ban san kalmar tana nufin hasumiya ba. Labarin kuma ban taɓa jinsa ba, don shekarata biyu kawai da fara zuwa majami'a. Na ce, "Sun haɗa kai za su tafi yawo."

Baƙon ya ce sun gasa tubali, sun dafa kwalta. Nan kaina ya waye. Ga yawo ga kwalta, ai hanya ce! Na gyara murya na ce, "Sai suka fara shimfiɗa hanyar kwalta, santaleliya, daga garinsu har sama."

Jama'a suka yi murna. Duk wanda ya taɓa bin motar ƙauye da damina ya san darajar kwalta. Wani ya ce, "Madalla da su!" Baƙon ya ga fuskoki sun washe, ya zaci maganarsa ce ke shiga, ya ƙara ɗaga murya. Ya ce Ubangiji ya sauko ya duba aikin, bai ji daɗinsa ba, ya rikita musu harshe, aikin ya tsaya. Na faɗa yadda ya faɗa.

Jandarman ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal. "To, mene ne laifin hanya?"

Fastonmu ya fita tarbar wasu baƙi tun farkon wa'azin, babu mai cetona. Ina cikin tunanin in ce ƙila ɗan kwangilar ne ya cuce su, sai wata tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Daga wajen Attantane take, takan kwana wurin ɗiyarta ranar Asabar don ta samu sujada. Ba ta karatu, amma babu labarin da ba ta riƙe ba.

"Ɗana, wace irin hanya? Gini ne! Soro suka tayar, dogo, wai sai ya taɓo sama, don a riƙa faɗin sunansu."

"Inna, shi ne ya ce kwalta."

"Da ita suka liƙe tubalin. Kai dai ɗinki ka iya."

Dariya ta ɓarke, har ungozomar ta zame daga benci. Baƙon ya tsaya da hannu a sama, bai san abin da ya faru ba. Jandarman ya lallaɓa ya bayyana masa da ɗan guntun Faransancinsa na bariki. Bawan Allah ya zauna a kujera yana dariya yana share hawaye. Da ya huta sai ya ce a bar tsohuwar ta ƙarasa, jandarma ya riƙa juya masa.

Ba ta ko tashi ba. Ta ce haɗin kai abu ne mai kyau, da shi ake gayya a gona. Amma ɓarayin shanu ma kansu a haɗe yake. Mutanen Babila, in ji ta, Allah ya ce su bazu su cika duniya, su kuwa suka ce a'a, nan za mu zauna mu yi suna, ba ruwanmu da shi. Da ya bar su da baki ɗaya, da babu mai tsawata wa wani. "Rahama ya yi musu," ta ce. "Uwa in ta ga ƴaƴanta sun yi shiru a bayan rumbu da ashana, raba su take yi." Ta ƙara da cewa wanda ya raba harsunan shi ne kuma ya tara mu a ɗakin nan, Bagurme da Bahaushe, muna kiran sunan Almasihu, kowa da irin lanƙwasar bakinsa.

Ni dai ina tsaye a gaba, ba a ce in zauna ba, ba a ce in yi magana ba.

Bayan an tashi baƙon ya riƙe hannuna, ya yi doguwar magana mai daɗi wadda ban fahimci rabinta ba. Na yi ta cewa *merci*. A hanyar gida, da muka wuce masu tuyar ƙosai, sai matata ta dube ni ta ce:

"Malam, gobe in an zo shago hira, da Hausa za ka yi."

Mushen ya dawo ranar Talata, an riga an ba shi labari tun a tasha. Ya zo shago da wando a hannu wai a rage masa tsawo, ya zauna, ya kasa faɗin santimita nawa saboda dariya.