Wankan Orrin Kafin Zuwan Tamra

Marlys Haugen ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban tukwanen wata makarantar firamare a arewacin Minnesota, tana ciyar da 'ya'yan mutane. Mijinta Orrin mai gyaran famfo ne, rabin gidajen garinsu da hannunsa ruwa ya shige su. Da tsufa ya tashi zuwa, bai yi musu sallama ba. Ya fara ɗauke wa Orrin sunayen maƙwabta, ya ɗauke hanyar gida, har wata rana ya dubi matarsa ya tambaye ta ko wa take nema. Jinya ta cinye gidan. Abin da ya rage musu wata tsohuwar mota ce mai gado a ciki. Da ita suke bin gandun dajin jiha, daga wannan zango zuwa wancan, tun da ba a barin kowa ya wuce mako biyu a wuri guda.

Wasu don tafki suke zaɓar zango, wasu don inuwa. Marlys abu ɗaya take nema a taswira: ɗan zanen nan na shawa mai zubo da ɗigo. Orrin ba ya iya riƙe kansa yanzu, kuma 'yarsu Tamra, mai aikin asibiti a birni, ta riga ta yanke magana.

"Mama, ranar da na ji wari a jikin Baba, ranar zan ɗauke shi. Gado na nan yana jiransa a gidan tsofaffi."

Marlys ta taɓa leƙa gidan. Ta ga maza jere a gaban talabijin, kowa baki buɗe, kamar kifin da aka shanya.

Wata Asabar ta farkon Nuwamba, ranar da za su haɗu da Tamra su ci abincin rana, gari ya waye Orrin ya ɓata jikinsa har gadon baya. Jiya da yamma suka sauka a wannan zango, taswira ta ce akwai shawa. Marlys ta ɗauki bokiti da tawul, ta kama hannunsa suka tafi, ciyawa na ƙara a ƙarƙashin takalmansu saboda raɓar da ta daskare. A ƙofar gidan wankan suka tarar an garƙama kwaɗo.

Orrin ya shafa kwaɗon ya gyaɗa kai. "Sun kyauta. Ruwa in ya daskare kumbura yake, ya tsaga bututu kamar kankana. Yaran nan sun san aikinsu."

"Rufe mini baki, tsoho. Kai da su duk bakinku ɗaya."

Dwayne, dattijon da ke share zangon a bakin wurin zama kyauta, yana naɗe kayansa zai gudu kudu kafin sanyi ya tsananta. Ya hango su ya yi dariya.

"Haba 'yar'uwa, ke kaɗai ce ba ki da labari? Tun sanyin farko aka busa bututun, aka ɗura musu maganin daskarewa. Ruwa kuma sai ƙanƙara ta narke. Taswirar nan taki ta lokacin zafi ce."

Iska ta juyo. Dariyar ta mutu a fuskarsa, ya dubi Orrin, ya kau da kai. Ya ce akwai wani gandu can kudu a bakin kogi, inda ake barin ɗaki ɗaya da ɗumi saboda maharba.

Ta yi tunanin ta dafa ruwa a tukunya, amma tuɓe tsoho a fili cikin wannan sanyi haƙa masa kabari ne. Ta shimfiɗa leda a kujera, ta zaunar da shi, ta ja mota. Gilashi a buɗe suka yi tafiyar, yatsunta suka sandare a kan sitiyari. Itatuwa sun zubar da ganye, sun tsaya tsirara a bakin hanya kamar masu jiran hukunci. Duk ƙofar gandun da suka wuce, sarƙa ce a gicciye. Rana kuwa sai ƙara hawa take yi.

A bakin kogin ta tarar da motoci cike, domin ranar aka buɗe farautar barewa. Ɓangaren mata a kulle yake. A na maza, ƙarti ne a layi cikin riguna ruwan lemo, suna shan kofi suna ƙaryar abin da suka kusa harbowa.

"Kaka, kin yi ɓatan kai," in ji wani mai jan gemu. "Ko miji kika zo zaɓa? Ga Curtis nan, da haƙoransa uku."

Aka kwashe da dariya. Marlys ta dube su. Ba ta taɓa faɗin abin ga baƙo ba.

"Ina da miji, ga shi. Ba ya iya wanka shi kaɗai. Kuma ba zai iya jira ba."

Layin ya dare biyu, suka ba su hanya.

Shawar irin mai maɓalli ce: ka danna ruwa ya feso da ƙarfi, kafin ka gama shafa sabulu ya ɗauke. Ta tuɓe shi, ta ƙulle kayan a leda, ta danna. Ruwan ya doke shi a ka. Kafin ta kai soso bayansa ya ɗauke. Ta sake dannawa, ya sake dukansa, sai ta ga idanunsa sun juye. Ta san wannan kallo. Bai san ta ba.

"Wayyo! Jama'a! Wata mata ta tuɓe ni! Ku kira 'yan sanda!"

"Orrin, ni ce. Marlys ce. Don Allah, tsoho."

Ya kai mata duka, ƙafarsa ta zame, ta rungume shi da kayanta a jiki. Surutun waje ya tsaya cak. Ta hango komai a jere: waya, jami'in gandu da hularsa, tambayoyi, sannan kiran da za a yi wa Tamra. Takalma masu nauyi suka nufo labulen shawar.

Hannu ne ya shigo, mai gashi, ya danne maɓallin ya riƙe. Ruwan ya daidaita, yana zuba ba yankewa. Mai jan gemun ne, ya juya musu ƙeya.

"Baba, ihun me kake yi? Ka kore mana barewar daji gaba ɗaya. Gaya mini, wace bindiga ka fi yarda da ita?"

Orrin ya tsaya yana haki. Can ya ce, "Ta mahaifina. Ku yaran yanzu ko garke aka ɗaure muku sai kun kuskure."

"Curtis, ka ji? Da kai yake!"

Suna ta musu ta bayan labule, Marlys na cuɗa. Ta wanke shi tun daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa. Da ta fito da shi cikin rigarsa mai tsabta, mazan duk sun duƙufa kallon kofinsu.

Sun iso gidan abincin da za su haɗu, Tamra na zaune tana jira. Ta tashi ta rungume mahaifinta, ta daɗe da hanci a wuyansa, yadda masu aikin asibiti ke yi ba tare da an gane ba.

"Kai, Baba, sai ƙamshi kamar ango!"

Marlys ta saki numfashin da ta riƙe tun safe. Ta zauna. Sai Tamra ta zagayo ta rungume ta ita ma. Ta ja baya kaɗan. Ta dubi rigar mahaifiyarta da ta jiƙe har ƙirji, da gashin da ya manne a kai, da shatin yatsu a kumatu.

"Mama," ta ce a hankali, "ke yaushe rabonki da wanka?"

Marlys ta buɗe baki, ta lalubi ranar ta rasa. Tamra ta jawo kujera ta zauna daf da ita, ta ture takardar abincin gefe.