Ƙwan Fitilar da Na Ƙi Cirewa

Shekarar da soja suka koma bariki, motocin tokunbo suka cika Legas. Tokunbo ita ce motar da Bature ya gama hawa, aka lodo mana ita a jirgin ruwa. Lokacin ina da rumfar kanikanci a Agege, gefen layin dogo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Inji na sani, shi ma da kunne da hannu na koye shi.

Cinikina kusan duk na dillalan shanun kasuwar Oko-Oba ne. Wani Alhaji ɗan garinmu, babba a cikinsu, shi ya fara kawo min mota, sauran suka biyo bayansa. Haka mutanen nan suke. Inda Alhaji ya kai motarsa nan kowa zai kai, inda ya daina zuwa kuwa ko gaisuwa ba za su tsaya yi ba. Na san da haka tun farko. Abincin gidana a bakinsa yake.

Motocin da muka saba da su ba sa magana. In sun lalace sai su tsaya. Waɗannan sababbin kuwa akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai hoton inji, da ke kamawa in wani abu ya taɓu a ciki. Maƙwabcina a gareji wani Bayerabe ne mai gyaran wayoyin mota, muna ce masa Baba Rewaya. Shi ya nuna min cewa in ka haɗa wasu ramuka biyu da guntun waya ka murɗa makulli, fitilar za ta riƙa ƙiftawa, ka ƙirga, lambar da ta bayar ita ce sunan ciwon. Na zauna gabansa da furfurata na koya. Ban ji kunya ba.

Wata safiya Alhaji ya iso da tokunbonsa, fitilar a kunne.

"Ɗan garinmu, kashe min wannan abin. Tana kallona kamar na ci mata bashi."

Na ce ya bar ta ta huce tukuna. Da injin ya yi sanyi na tayar da ita, sai na ji ƙara ta gaban inji, kamar ana jan sarƙar ɗaure kare a kan kwano, ta ɗan jima ta yi shiru. Baba Rewaya ya sa wayarsa, muka ƙirga ƙiftawar tare. Ya dube ni ya ce, "Malam, taimin ne. Sama da ƙasa ba su tafiya ɗaya."

Na kwance murfi. Cen ɗin taimin, wato sarƙar da ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama don bawul ya buɗe a kan lokaci, ya saki. Da yatsa nake ɗaga shi. Robar da yake bi ta kai ta cinye, har gutsattsarinta na gani cikin baƙin mai. Irin wannan, ranar da ya tsallake haƙori fistin zai daki bawul, inji ya tashi daga aiki. Wace rana ce, ban sani ba. Babu wanda ya sani.

Na yi wa Alhaji bayani. Na ce a sayo sabon cen da roba, a ba ni motar ta kwana biyu.

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Tana tafiya, Alhaji."

"To me ya kai ka cikin hanjinta? Sayar da ita zan yi. Mai saye na zuwa jibi. Ka taɓa ganin an kai sa kasuwar kara da kwantsa a ido? Goge masa ake yi."

"Wannan ba kwantsa ba ce, ranka ya daɗe. Ciwon a ciki yake."

"Na ciki na wanda ya yanka ne. Mu abin da ido ya gani muke sayarwa. An ce ƙwai ne ɗan mitsitsi a bayan gilashin, cire shi kawai."

Gaskiya ne, haka ake yi. Rabin tokunbon da ke yawo a Agege an zare musu ƙwan nan, wasu baƙin salatif aka manna. Mai mota ya ga gabansa ba haske, ya ce ta warke. Ni kuma na riga na san fitilar nan ita ce kaɗai bakin da motar take da shi. Kada a ɗauka waliyyi ne ni. Tsoro ma na ciki. Hannuna ne na ƙarshe da ya buɗe injin, in ya fashe a hanyar Ibadan da iyalin wani a ciki, sunana za a kira, ba na Alhaji ba.

Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni. Gyara zan yi, ko in mayar da murfi yadda na same shi. Ƙwai ba zan cire ba."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido.

"Farar hula ta zo ke nan. Har bakanike ya samu 'yanci. Rufe min motata."

Na rufe. Ya ja ta zuwa wata rumfa da ke tsallaken layin dogo, ina hango su. Kafin mai shayi ya gama haɗa min kofi ɗaya an gama aikin. Alhaji ya wuce ta gabana a hankali, gilas a sauke, bai juyo ba.

Baba Rewaya ya ce, "Malam, ka yi daidai, amma ka yi asara." Shi yana da mutanensa 'yan danfo, wato direbobin bas ɗin haya, bai rasa komai ba.

Ba a yi mako ba labari ya zaga Oko-Oba. Ba cewa aka yi na ƙi cire ƙwai ba. Cewa aka yi na koyi halin 'yan Legas, ina ƙirƙiro wa mota ciwo don in samu aiki, in ka kai min lafiyayya sai na farke mata ciki. Wani mahauci da na sha tura motarsa cikin ruwan sama ya gan ni a masallaci ya ce, "Likita, yau wa aka yi wa tiyata?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Na je gidan Alhaji har sau biyu. Na farko aka ce yana barci. Na biyu ya fito, muka gaisa a tsaye, ya tambayi iyali, ya ce Allah ya rufa asiri, ya koma ciki.

Abin da ya fi ci min rai, motar ba ta mutu ba. Wanda ya saye ta wani mutumin kudancin Kaduna ne mai aiki a Ikeja, kullum ta kan titinmu yake bi. Ina zaune a benci ba aiki, sai in ga ta wuce sumul, matarsa a gaba, yara a baya. Na yi niyyar tare shi in faɗa masa. Da wane baki? Mutumin da gari ya ce yana ƙirƙirar ciwo? Ranar da na daure na ɗaga masa hannu, ya ɗauka bara nake ko talla, ya ɗaga min shi ma ya wuce. Daga baya na daina ganinta. Ko ƙaura ya yi, ko cen ɗin ne ya cika alkawari, ban ji ba.

Damina ta wuce, kuɗin rumfa ya gagare ni. Mai filin ya ba wata mata wurin, ta kafa lema da tebur, mutane na biya suna buga wayar salula da ta fara shigowa. Na tattara sifanuna a buhu, na mayar da iyali gida Arewa, na tafi Ikorodu. A can na samu aiki a garejin wani da na girme wa nesa ba kusa ba, ina juye baƙin mai ina wanke fulogi. Ba a tambayata me na ji a inji, ni ma na daina faɗa.