Ranar da Muka Cinye Lambun Kaka

A bayan gidanmu na unguwar Changli akwai ɗan fili da kakata, mahaifiyar babana, ta kewaye da tsofaffin langa-langa. Nan take shuka ayoyo, wato lalo, da rama da kuɓewa, ga zogale uku a jikin katanga, ga lemun tsami guda a tsakiya. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk can ake zubawa. Idan maƙwabciya ta leƙo neman ganyen miya, Kaka ba ta ko tashi daga tabarma, sai ta ce, "Shiga ki tsinka, amma kar ki taka mini barkono."

Ina sakandare gidan ya yi mana kaɗan. Wata safiya ƙanen babana ya durƙusa gabanta ya ce, "Mma, ɗaki biyu nake son ginawa, kuma babu wuri sai lambunki."

Mun ɗauka kuka za ta yi. Ta daɗe tana kallon zogalen, sannan ta tambaye shi ranar da magina za su zo. Ya ce Asabar.

"To, ran Juma'a za mu cinye shi," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Ana saukowa daga masallaci matan layinmu suka cika gidan, Hausawa da Dagomba, kowa da kwanonta. Muka tsinke ganyen tas. Aka tuƙa tuwo tukunya uku, aka kaɗa ayoyo, aka kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli. Duk wadda za ta tafi sai Kaka ta ƙulle mata irin kuɓewa a bakin zane.

Lemun ne kawai ta ce ba za a sare ba. Aka haƙo shi da ƙasarsa, aka ɗora a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ni da ita muka zauna muka riƙe shi har gidan gwaggona a unguwar Lamashegu. Masu babura suna ta yi mana hon, wani ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ina za ki kai amarya?" Kaka ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Lemun ya zubar da ganye wata biyu, gwaggo ta fid da rai, sai ga toho. A layinmu kuwa yanzu shaguna da siminti sun rufe ko'ina, inuwar kirki sai a rumfar tela. Bara na kai 'yata gidan gwaggo, ta sha lemun ta yamutse fuska, ta miƙo hannu a ƙara mata.