Kofaton Akuya a Cikin Wuta

Ni na ƙona takardar garinmu. Da hannuna. Har yau ba wanda ya sani.

Shekara takwas ke nan. Lokacin ina leburanci a Tawa. Ruwan sama ya fasa rufin ɗakin ajiyar takardu na wani biro, wato ofishin gwamnati, aka ɗauke mu mu uku mu kwashe kayan. Ɗakin na warin jemage da ruɓaɓɓiyar takarda. Sakataren da ke kula da aikin ya tsaya bakin ƙofa, hankici a hanci.

Ya ce, "Sabon ɗakin ƙarami ne. Na cikin akwatunan ƙarfe ku kai can. Na ƙasa, masu ɗaurin igiya, ku kai bayan katanga ku sa wuta. Wanda na kama da ko falle ɗaya a aljihu, ɓarawon gwamnati ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ƙasan na su wa ne?"

"Na ƙauyuka. Tarkace. Ko karantawa za ka yi?"

Abokan aikina suka yi dariya. Ni ma na yi.

Mai gadin wurin ne ya faɗa mini na akwatunan na manyan ƴan kasuwa ne da gidajen sarauta. Su ko ɗigo bai taɓa su ba.

Garinmu tunga ce arewa da Afala. Ba can ne asalinmu ba. Shekarar da fari ya kashe mana dabbobi aka zaunar da mu wurin. Wani ma'aikaci ya zo da babban kundi, ya rubuta iyakar abin da aka ba mu, daga tsohuwar rijiya har gindin dutse, da fadamar da ke tsakani. Magidanta suka dangwala yatsa. Ina tsaye bayan babana. Babban yatsansa a tsage yake, igiyar guga ta raba shi tun yana saurayi. Shaidarsa ta fito gida biyu, kamar kofaton akuya. Har ya mutu ana tsokanarsa da wannan.

Ina juya wutar da sanda, sai wani kundi ya buɗe. Jerin yatsu da shuɗin tawada. Na uku daga sama, kofaton akuya.

Ban yi lakkol ba, ban san boko ba. Amma wannan na karanta shi.

Na miƙa hannu. Na ɗaga ido, sakataren na kallona. Na maida hannun. Ban daɗe ina shawara ba, wutar ma ba ta jira ni ba.

Na ce a raina, wa zai nemi tsohuwar takarda? Kowa ya san wurin namu ne. Da wannan na yi shekara takwas.

Bana wani attajiri ya zo tunga da mota da masu awo. Ya nuna takarda mai hatimi, ya ce fadamar ta kakansa ce. Na san inda irin takardarsa ke kwana. Wataƙila a kaina na ɗauki akwatinta.

Fadamar nan ita ce abincinmu. Tudun ba ya ba da komai sai tsakuwa.

Ƙanin babana, wanda shi ne babba a tunga yanzu, ya kira ni a waya. Muryarsa a kwance.

Ya ce, "Bar shi ya yi ta kurari, ɗana. Yatsunmu na nan Tawa. Gwamnati ba ta zubar da takarda."

Na ce, "Baba, in ba a same ta ba fa?"

"Kai ma da bakinka. Kofaton ubanka ko makaho ya gane shi." Ya yi dariya har da tari. "Kai ka san ƙofar biron nan. Lahadi muna tafe da motar kasuwa, mu huɗu. Litinin ka shige gaba."

Na ce to.

In na faɗa, na kashe musu gwiwa kafin a zauna shari'a, kuma ba ni da sauran gari. In na yi shiru, zan kai tsofaffi huɗu su roƙi abin da na san toka ne.

Yanzu ina gadin wani siton albasa kusa da tasha. Yau Juma'a. Na share musu wurin kwana, na aro tabarmi biyu. Abin da zan ce ne ban samo ba.