Farantin Yashin Fada

Shekarun baya, lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ɗiyata ta kai shekara huɗu ba ta taɓa cewa ko "Inna" ba. Babu rubutun da ba mu sha ba, ni da nake uwa har na fi ta sha.

A bayan Ƙofar Durbi akwai wani tsohon Fada, limamin Kirista, da ya buɗe makarantar ƙananan yara a lokacin da mutane ke ganin wannan ɓata lokaci ne. Ba bulala, ba haddar dole. Farantin yashi yake ajiye wa kowane yaro, ya kama yatsansa su zana harafi, su shafe, su sake. Na kai ta wurinsa. Ya durƙusa da ƙyar ya dube ta, ya ce, "Hajiya, bakin ne ya yi nauyi, amma yatsan nan zai yi magana."

Ya kuwa yi. Kafin damina ta iya zana rabin sunanta, har dariya ta fara.

Sai wani ya leƙa ta taga ya ga yara na zane a yashi. Kafin la'asar magana ta kai Babbar Kasuwa: Fada na koya wa 'ya'yan Musulmi bugun ƙasa, irin na masu duba. Yayan mijina ya shigo ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Mi kike nema, ɗiyarmu ta zama boka? Daga yau ba ta sake zuwa." Na yi bayani, na yi kuka, mijina ya sunkuyar da kai.

Makaranta ta watse. Fada ya tako da sandarsa har ƙofar gidanmu ɗauke da farantin ɗiyata, ya ce a bar ta ta ci gaba ko a gida ne. Aka hana shi shiga zaure. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu.

Yanzu jikokina a makaranta ana ba su farantin yashi, har kuɗinsa ake biya, kuma ba mai cewa komai. Wannan yana yi mini ciwo har gobe.

Ɗiyata ta girma, ba ta yi magana ba. In ina tankaɗe, takan zauna ta zana rabin sunan nan a kan gari. Na sha kama yatsanta in ƙarasa mata, sai ta fizge, ta juya tana kallon ƙofa, kamar mai jiran Fada.